Daga Bayan Kirkisoy Zuwa Kan Dutsen Bagzan

(Kiɗan buɗe shiri)

Iyayenmu mata da ke tsakar gida, manoman shinkafa da suka dawo daga fadama, ƴan makaranta, da direbobin da suka kamo mu a kan hanya, kowa sannu da aiki. Daga nan Kirkisoy, ƙetaren Harobanda a birnin Yamai, shirinmu na yau dutse zai hau. Mai ciwon gwiwa kada ya damu, da kunne za mu yi hawan.

Wanda ya saba fita bayan unguwannin nan namu da la'asar ya san jajayen tsaunukan da ke tsaitsaye a can. Uku daga cikinsu sun fi suna, su ne Faransawa suka laƙaba wa Trois Sœurs, wato ƴan'uwa mata uku. Samari kan je su hau ranar Lahadi, su ɗauki hoto, su sauko. To ga tambayata. Kun taɓa lura cewa kansu a baje yake kamar faifai? In ka tsaya bisa ɗaya ka miƙa ido, sai ka ga kan na kusa da shi, da na can nesa, da bakin tudun da ya bi kogi, duk sun yi kai ɗaya kamar magini ya ja musu igiya. Wa ya daidaita su?

Amsar tana wajen leburori masu haƙar ƙasa. In an ba su kwangilar rami, sukan bar ɗan ginshiƙin ƙasa a tsakiya ba su taɓa shi ba, don in mai aiki ya zo biya ya auna daga kansa zuwa gindinsa, ya san zurfin da aka haƙa. Ginshiƙin nan shaida ne. Tsaunukanmu ma haka suke, har masana duwatsu da Faransanci tudun shaida suke ce musu. Can da, ƙasar nan duka shimfiɗa ɗaya ce daidai kansu. Inda muke zaune yanzu, da gonakin shinkafar Kirkisoy, da Jami'ar Abdu Mumuni, da Gadar Kennedy, duk yashi da yumɓu ne suka cike wurin, kaurin mita gommai. Kogin Isa da ƙoramun da ke zuba cikinsa su ne leburorin da suka kwashe. Tsaunin yana inda yake tun farko, ƙasar da ke kewaye da shi ce ta tafi.

Abin da ya tserar da shi kuwa hularsa ce, hular marmara. Kun san ta, jan dutsen nan mai ramuka-ramuka da ake fasawa a zuba a hanya ko a yi harsashin gini. Ƙarfe ne a cikinta, shi ya ba ta launin tsatsa. A zamanin da ƙasar nan ta fi yanzu samun ruwan sama, damina ta narkar da ƙarfen da ke cikin ƙasa, rani ya zo ya daskarar da shi, shekara ta bi shekara, har ya zama ɓawo mai tauri. Inda ɓawon ya tsage, ruwa ya samu ƙofa, ya yi ta satar yumɓun da ke ƙarƙashi kamar ɓera a rumbu. Shi ya sa gindin kowane tsauni yake cike da manyan ɓaraguzan marmara. Hular ce ke karyewa daga baki-baki, tsaunin na ƙara tsukewa.

In ka sauko ka dubi inda ƙorama ta yanke gefensa, za ka tarar ƙasar hawa-hawa ce, ja, rawaya, fari. A wani hawan akwai tama mai ƴan ƙwayoyi kamar gero, irin wadda aka gano da yawa a yankin Say da Kollo. Can ƙasa sai farar ƙasa. Ƙarƙashinta kuma uwar dutse, wanda kan leƙo a tsakiyar kogi in ruwa ya janye da bazara. Shekarun wannan sun kai miliyan dubu 2. Shi ne ya shimfiɗu yamma har Liptako da Burkina da Gana, kuma a jikinsa zinariyar Samira da ta Koma Bangu take.

Na san yanzu wani dattijo ya gyara zama yana cewa, kai yaro, wa ya ƙirga? Baba, tambayarka tana bisa hanya. A cikin irin wannan dutse akwai ƴan ƙwayoyi masu ɗauke da uraniyum, shi kuwa a hankali yake rikiɗa ya zama darma, da saurin da zafi ko sanyi ba sa canza shi. Rabinsa kan juye cikin shekara miliyan dubu 4 da rabi. Kamar randa ce mai ɗiga: in ka san yawan ɗigon da take yi a yini, ka auna ruwan da ya rage da wanda ya taru a kaskon ƙasa, ka san ranar da aka cika ta. Allah ne ya yi halittarsa, mu karatun abin da ya bari a rubuce muke ƙoƙarin yi.

(Gajeren kiɗa)

Sai dai fa in ana maganar duwatsu, namu na nan yara ne. Kogi a Yamai yana wajen mita 180 bisa tsayin teku, su kuwa ko mita 100 ba su ɗara shi ba. Ƙasar duwatsu ta ainihi a Nijar ita ce Abzin, wadda masu ita ke kira Ayar. Mu shiga mota, tafiyar kusan kilomita 950 ce zuwa Agadas.

Dogon Dutsi ba sai mun tsaya ba, sunansa ya faɗi komai, kuma hular marmara ɗaya ce da tamu. Amma bayan Birnin Ƙonni, a Malbaza, ku leƙa ta taga. Farin dutsen da ake toyawa a can a yi siminti, da shi da na Kalambaina a Sakkwato uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma wanda ya fasa shi zai ga ɓawon ƴan halittun teku a ciki. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wani hannun teku ya kwanta a kan Adar. Mai ɗakin siminti, ka ji abin da ka gina da shi.

Kafin Agadas, ta kudu, akwai gangaren Tigidit, doguwar katangar dutse da ta lanƙwashe kamar baka. A ƙasar In Gall da ke kusa da ita, makiyayi kan yi tuntuɓe da gungumen itace, ya duƙa ya ɗauka don hura wuta, sai ya ji dutse ne. Itace ne na gaske, da zanensa da gaɓoɓinsa, amma ruwa mai ɗauke da ma'adini ya bi jijiyoyinsa ya maye gurbinsu har ya ƙame. A nan ne a 1997 ayarin wani masani Ba'amurke, Paul Sereno, ya tono ƙasusuwan wata dabbar dauri mai dogon wuya, tsawonta ya haura mita 18. Abzinawan wurin sun daɗe da sanin ƙasusuwan, suna danganta su da wani dodo na tatsuniya mai suna Jobar, shi ya sa aka raɗa mata Jobaria. Ku lura da wannan: masanin da jirgi ya kawo, makiyayi ne ya nuna masa wurin.

Gabas da nan, a Gadufawa, bakin hamadar Tenere, ƙasusuwan har a fili suke kwance. Tun a tsakiyar shekarun 1960 Bafaranshe Philippe Taquet ya fara aiki a can, ya fito da dabbar da ake kira Ouranosaurus, mai wani tozo a baya kamar tanti. Nan aka samu kada wanda tsawonsa ya haura mita 9, kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. Nan kuma aka samu wata mai cin ciyawa, bakinta faffaɗa, haƙoranta wajen 500, wadda ta ɗauki sunan ƙasarmu, Nigersaurus. Kada ba ya zama inda babu ruwa. Shekara miliyan 110 da suka wuce, inda yau raƙumi ke kwana uku bai ga rijiya ba, manyan koguna ne da dazuzzuka.

Daga Agadas, mai dogon masallacin ƙasa na mita 27, sai a fara hawa. Abzin ta kai faɗin murabba'in kilomita 84,000, kuma ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Gobirawa sun riƙe a tarihinsu cewa a can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Ayarin gishiri da ke ɗauko kantu daga Bilma ta Abzin yake biyowa, ya sauka Damagaram da Kano, ya komo da gero da tufafi. Har yau in ka shiga kasuwar Agadas, da Hausa za ka yi ciniki.

Mai babbar waya ya buɗe taswirar tauraron ɗan'adam, ya dubi arewa da Agadas. Zai ga wasu baƙaƙen da'irori a jere daga arewa zuwa kudu, kamar an kifa ƙore a tsakar gida. Su ne manyan duwatsun Abzin: Adrar Bus, Tamgak, Taghmert, Bagzan da sauransu. Me ya sa suke zagayayyu? Sama da shekara miliyan 400 da suka wuce, narkakken dutse ya taso daga cikin ƙasa, ya taru kamar kunu a tukunya ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta. Da tukunyar ta amayar da wani sashe na abin cikinta, murfin ya rasa madogara, ya tsage a zagaye, ya rufta. Narkakken dutsen da ya rage ya bi tsagar ya hau, ya daskare a ciki. Daga baya iska da ruwa suka cinye duk abin da ke sama, suka bar mana gindin tukunya da zobensa. Akwai wani zoben da ake kira Meger-Meger, daga wannan baki zuwa wancan kilomita 65, yana cikin mafiya girma a duniya. Wanda ke tsaye a kansa ba zai san zobe ba ne, sai an duba daga sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne jerin bai tsaya a Abzin ba. Irin waɗannan zobba sun ci gaba kudu: duwatsun Damagaram da na Munyo a ƙasar Gure, sannan Riruwai a kudancin Kano, da Ningi, har tudun Jos. Kuma kana yin kudu suna ƙara ƙuruciya. Na Abzin sun haura miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300, na Jos wajen miliyan 160. Kuzar da aka haƙa a El Meki cikin Abzin, da wadda ta tara dubban leburori Hausawa a Jos zamanin Turawa, irin dutse ɗaya ne ya haife su. Iyakar da ke tsakanin Nijar da Najeriya jiya-jiya aka ja ta a kan wannan layi.

Babban yaya a cikin duwatsun Abzin Bagzan ne. Tudu ne bisa tudu, tsawonsa wajen kilomita 40, gefensa a tsaye kamar ganuwa, kuma tun kaka da kakanni da ƙafa da jaki ake hawansa ta kwazazzabai. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Taghes, mita 2,022 ce, babu inda ya fi ta tsayi a Nijar. An daɗe ana koya wa yara cewa Gerebun da ke can arewa, mai mita 1,944, shi ne kan gaba, sai da aka sake awo Bagzan ya karɓi rawaninsa. Kuma kada ku zaci kan dutsen kango ne. Akwai ƙauyuka, da idanun ruwa, da garake. Da hunturu sanyi kan kai ruwa ya daskare a kwano. A manyan duwatsun Abzin akwai zaitun na daji, ɗan'uwan wanda ke fitowa a bakin Bahar Rum, ya maƙale a can tun zamanin da Sahara ke da ni'ima. A kwazazzaban Tamgak kuma akwai birai da ragon dutse.

To ina ruwan yake fitowa, a ƙasar da abin da take samu a shekara bai kai sulusin na Yamai ba? Ku riƙe wannan da kyau, don za mu komo kansa. Dutse ba ya shan ruwa. Ɗan abin da ya sauka a faɗin tsauni gaba ɗaya sai ya gangara ya taru a ƙorama guda, ta cika ta yi toroƙo na ƴan sa'o'i, ta wuce. Amma gadon ƙoramar yashi ne mai kauri, shi kuwa yashi ya iya ajiya. Ruwan ya nutse ya kwanta a ƙasa, rana ba ta ganinsa. Manomi ya gina rijiya a gaɓa, ƴan gaba kaɗan ya tarar da shi. A da raƙumi ko sa ne ke jan guga, da wata dabarar katako da ake kira takarkart, yaro na kora dabbar tana kai da komo, guga na juye kansa cikin kwalbati. Yanzu injin ban-ruwa ya karɓi aikin a wurare da yawa. Albasar Tabelot da manyan motoci ke kaiwa har bakin teku, daga wannan ajiyar yashi take sha.

Timiya ita ce amaryar wannan ƙasa. Tana wajen kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas. Bayan ka yini cikin baƙin dutse da ƙura, kwatsam sai ga kore: dabino, lemo, rumman, inabi. Lemon Timiya kun san shi, shi ne manoman Agadas ke kawowa baje-koli nan Yamai lokacin sanyi. Kusa da garin akwai matsirgar ruwa da ke zubowa daga kan dutse cikin wani tafki mai sanyi. Baƙin dutsen da ke hanyar nan kuwa ba sa'an su Bagzan ba ne, jariri ne. Bayan tsofaffin zobban sun yi ɗaruruwan miliyoyin shekaru suna barci, ƙasar Abzin ta sake kumbura, wuta ta sake fitowa. A yankin Todra kaɗai, kudancin Abzin, akwai bakunan aman wuta sama da 100, wasunsu da siffarsu cif kamar an kifa turmi. A wasu wuraren dutsen da ya malalo ya tsattsage yayin hucewa, ya zama ginshiƙai a jere kamar an tsayar da azara.

Kuma murhun bai gama hucewa ba. A Tafadek, wajen kilomita 80 arewa da Agadas, ruwa na ɓuɓɓugowa da zafin da ya kai wajen digiri 50. Ruwan sama ne ya bi tsagar dutse ya yi zurfi, ya ɗumama, ya komo. Mutane kan zo daga nesa su yi kwanaki suna wanka saboda sanyin ƙashi da ciwon fata. Ruwan zafi yana sassauta gaɓɓai, wannan gaskiya ne. Amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya shiga.

(Kiɗan garaya)

Gefen gabas na Abzin shi ne inda dutse da rairayi suke arangama. A Arakaw akwai wani zoben dutse mai faɗin wajen kilomita 10 wanda bakinsa ya buɗe ta gabas, iskar hunturu ta yi ta tura rairayin Tenere ciki har ya yi tudu. A Temet, gindin Gerebun, tuddan rairayi sun kai mita 300. Akwai kuma wasu shuɗɗan duwatsu masu santsi, irin wanda ake daɓe manyan masallatai da shi, a tsaye tsakiyar rawayan yashi. Wannan yanki, hekta miliyan 7 da dubu 700, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Shekara ɗaya tak bayan nan ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, saboda tawaye ya ɓarke. Jiminar da a da take yawo a can, farauta ta ƙarar da ita.

Mutanen da suka ga Abzin tana kore sun bar mana saƙo. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin fa, babban tsawonsa mita 5 da ɗigo 4, da zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. An kiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 da 8,000. Wanda ya yi wannan aiki ya san raƙumin dawa ido da ido, kamar yadda mutanen Kure suka san nasu yau. A Gobero kuma, cikin Tenere, a shekarar 2000 aka gano maƙabartar mutanen da suka zauna bakin wani tafki, da ƙugiyoyinsu na ƙashi da ƙayar giwan ruwa. A wani kabarin mace ce da yara biyu, an kwantar da su rungume da juna. Masuntan Kogin Isa, ku ji: a Tenere aka yi su.

Arzikin da ake haƙa a can ma ɗan dutsen ne. Uraniyum daga duwatsun Abzin ruwa ya wanko shi, ya gangara da shi yamma, ya ajiye cikin dutsen yashi. A 1957 aka gano shi a Azelik, garin da masana tarihi ke ganin shi ne Takadda mai jan ƙarfe, wadda Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. A 1971 aka fara fitar da shi daga Arlit. Gawayin ƙasa da ake ƙonawa a Cirozerin don ba Agadas da Arlit wuta kuwa, dajin dauri ne da ƙasa ta binne.

Bari in ɗan yi ƙorafi. Shekaru da dama jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas, cike da masu yawon buɗe ido, su je su ga Arakaw da Timiya su koma su buga littattafan hotuna. Rashin tsaro ya tsayar da wannan, masu jagora da maƙeran azurfa da direbobi suka rasa abin yi. Amma ko a lokacin da hanya ke lafiya, mu nawa ne daga kudu muka je? Ɗan Nijar ya san hoton hasumiyar Paris, bai san Bagzan ba. Ban ce kowa ya ɗauki jaka gobe ba. Hanyar Abzin sai da jagora ɗan ƙasa, kuma wanda ya raina wannan ya raina ransa. Sai dai wani yanki na Abzin yana nan kusa da mu. Ka haye Gadar Kennedy, ga Gidan Tarihi na Bubu Hama. Ƙasusuwan Gadufawa suna ciki. Itacen Tenere ma yana ciki, ƙayar nan da ta tsaya ita kaɗai a hamada tana yi wa ayari alama, har wata babbar mota ta banke ta a 1973. Malaman makaranta, tafiyar ba ta fi kuɗin taksi ba.

(Gajeren kiɗa)

Mu komo gida, kuma ta hanyar ruwa za mu biyo. Ƙoramun yammacin Abzin, irin su Telwa da ke shayar da Agadas, suna zuba a filin Irhazer. A zamanin ni'ima ruwan ba ya tsayawa nan. Yakan bi kwarin Azawak, ya gangaro ta Filinge da Balleyara da Birnin Gaure, ya faɗa Kogin Isa a Bumba. Wannan mataccen kogi shi ne Dallol Boso, inda har yau ruwa ke kusa, ake kuma dafa kanwa. Ashe Abzin da kogin da ke bayan gidajenmu sun taɓa shan ruwa ɗaya.

Na ce ku riƙe magana: dutse ba ya shan ruwa. Mutanen Agadas sun ga haka a watan Satumba na 2009, da Telwa ta fasa madatsa ta shiga gari. Mu ma mun gani. Kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana da sanyi wajen Disamba da Janairu, a natse. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramun wannan ƙetaren namu, Gorwal da Dargol da Sirba, ke kawowa. Iyayenmu baƙin ruwa suka sani da girma. Yanzu jan ya fi shi. A Satumban 2020 ma'aunin kogi a Yamai ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba, madatsar Lamorde ta karye, kuma ba sai na gaya wa mutanen Kirkisoy da Karaje inda suka kwana ba.

Me ya ba jan ruwa launinsa? Ƙasar tsaunukan nan ce. Can da, kan tuddan marmara geza da sabara ne a jere layi-layi, in an duba daga jirgi kamar zanen jikin dabba. Kowane layi yana tare ruwan da ya gangaro daga filin da ke gabansa, ya shanye. Birni ya girma, kowane gida na son itacen girki, aka sare su. Ƙasa ta zama fako, ɗigon ruwa ya doke ta ya toshe mata ƙofofi, ta koma kamar dutsen Abzin. Bambancin shi ne a can yashin ƙorama ke karɓar ruwan ya ɓoye wa manomi, a nan kuwa ƙorama kan kwaso ruwan da yashin gaba ɗaya ta juye cikin kogi. Gadon kogi ya cike, ruwa ya rasa wurin kwanciya, ya nemi ɗakunanmu. Ana iya samun ƙarancin ruwan sama a shekara, a kuma samu ambaliya, masana sun daɗe da auna wannan a Sahel.

Leburorin da suka sassaƙa Ƴan'uwa Uku ba su ajiye aiki ba, mu ne ma muka ƙara musu hannu. Shi ya sa ramukan rabin wata da jerin duwatsun da kuke gani ana yi a kan tuddai, irin aikin da ya farfaɗo da ƙasar Keita a Adar tun daga 1984, suka shafi mai shago a Kirkisoy kamar yadda suka shafi manomin da ke gindin tudun. Masu ɗibar marmara da tsakuwa a gindin tsauni kuma, in kun kwashe ɓaraguzan da ke tare gangare, ƙorama ta samu sabuwar hanya, kuma ƙasa za ta yi, wajen gidaje.

Ƴan makaranta, ga aikin gida. Ranar da babu karatu, ku nemi babba ya raka ku gindin tsauni da sassafe, da takalmi mai rufi saboda kunama. Ku tafi da buta biyu cike da ruwa. Ku juye ɗaya a kan fako, ɗaya a gindin geza inda ganye ya taru. Ku duba wanne ya gudu, wanne ya nutse, da launin wanda ya gudun. Ku tsinto marmara ɗaya da farar ƙasa ɗaya, ku kai wa malaminku, ku gaya masa a wane hawa kuka samo kowace.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)